Sawun Gishiri

Kwalin dabinon ya fashe ne saboda mutanenmu ba sa iya ganin dogon gini su zauna lafiya. Ana sallame la'asar jirgin ruwan da muka shiga yawon shan iska ya miƙa cikin sabuwar hanyar ruwan da aka haƙa aka haɗa da tsohon mashigin tekun Dubai da ake kira Khor. Burj Khalifa ya leƙo ta bayan benaye, sai maza da mata suka kwasa gefe guda da wayoyi a sama, har da waɗanda kullum ta gindinsa suke wucewa zuwa aiki. Jirgin na katako ne, kuma ya kwana biyu a duniya. Ya karkata, muka ji wani abu ya faɗi tim a ɗakin ƙasa inda aka tara jakunkuna.

Jakar bakkon Gwaggo Ummi Kulsum ce ta zamo daga kan benci, zif ɗinta ya ɓalle. Cikin kayan da suka watse har da wani kwalin dabino mai ruwan gwal. Dabinon jeri ɗaya ne a sama. Ƙarƙashinsa ƙwayoyi ne kati-kati, irin waɗanda suka haukata samarin gida, waɗanda in aka kama mutum da su a ƙasar nan sai dai danginsa su fara koyon hanyar gidan yari.

Da mu muka fara gani, da an rufa. Sai aka yi rashin sa'a ma'aikacin jirgin ne ya riga kowa sauka. Kafin mu ankara ya kai wa matuƙi, matuƙi ya kulle kwalin a akwatinsa ya ɗauki rediyo. Ya juya akalar jirgin, ya gaya mana da Larabcin kasuwa cewa 'yan sandan ruwa za su tare mu a ƙofar gadar nan mai iyo, wadda ake buɗe tsakiyarta ranar Juma'a don jirage su wuce. Mai jaka ita za a tafi da ita, magana ta ƙare.

Gwaggo yayar babanmu ce. Ita ta riƙe ni da ƙanena Zainul Abideen bayan rasuwar mahaifiyarmu, da cinikin abaya da turaren da take sarowa a Deira take kaiwa Kano. A daren nan jirginta zai tashi, daga bakin ruwa sai filin jirgi, shi ya sa kowa a ƙungiyarmu ta Hausawan Dubai ya zo yawon nan da saƙonsa na gida. Ita kuwa tana da doka: ba ta karɓar saƙo sai ta kwance shi a gaban mai shi, ko na liman ne. Duk ta duba ta shirya tun muna wuce tsofaffin jiragen Port Saeed masu lodin firji da tayoyi. Daf da sallah ta sake buɗe jakar ta ɗauki hijabinta, kuma ta rantse babu wannan kwali a lokacin.

Na dube ta zaune a kujerar roba, carbinta ya faɗi ba ta ma sani ba. Mace ce mai ciwon suga, ga gwiwa. Na san in aka rufe ta a nan gawarta za a ba mu. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

*

Alhaji Mu'awiya ne shugaban ƙungiya. Dillalin gidaje ne, mutumin da ba ya iya gaishe ka sai ya gaya maka hawan da fulat ɗinsa yake. Shi ya fara buɗe baki, kuma sunan Gwaggo bai fito a ciki ba.

"Wallahi an cuce mu! Ni da nake da mitin da Larabawa ran Lahadi! Jama'a, shwayya-shwayya, a bi a hankali, kada kowa ya ce ya san komai. Wai ma wa ya ɗauko jakunkunan nan daga mota?"

Ya san amsar kafin ya yi tambayar. Salmanu ne, lebura a wani sito a Al Quoz, wanda ba a tunawa da lambarsa sai in akwai kula mai nauyi da za a ɗauka. Idanu suka koma kansa gaba ɗaya.

"Bizarsa ma wa ya sani ko tana da rai?" in ji wata mata daga baya, wadda ɗazu shi ya riƙe mata jariri ta ci shinkafa.

Haka mutanenmu suke. Ɗazun nan ana ta "Gwaggo a kai wa Mama wannan, Gwaggo Allah ya bar mana ke." Yanzu kujerun da ke kewaye da ita duk sun zama wayam, sai ka ce mai ƙyanda. Ƙanena Zainu kaɗai ya durƙusa a gabanta yana yi mata fifita da farantin roba, waya a kunne yana neman lauya. Na ji daɗin ganinsa har raina, na ce ko ba komai gidanmu ya yi tarbiyya.

Maigidana Dikko kuwa ƙasa yake kallo. Mutumin Safana ne, bin sawun shanun sata suka gada a gidansu. Ya sha daji tare da babansa kafin ya zo nan ya buɗe ofishin kago na aika kaya gida a Al Sabkha ya ajiye tumbi. Har yau ƙafar mutum yake fara dubawa kafin fuskarsa, kuma kada ku zaci wani mai tawali'u ne. Bai ɗauki kowa da gashi a ka ba, ni ma da nake aurensa sai na yi da gaske.

Alhaji Mu'awiya ya lura da shi, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Alhaji Dikko, habibi, nan fa ruwa ne, ba dajin Rugu ba. Babu saniyar da ta bi ta nan."

"Shanu kam ba a rasa su ba, Shugaba," in ji Dikko. "Kowa ya zauna inda yake. Kada wanda ya sa takalmi, kada wanda ya sauka ƙasa. A lokacin sallah aka sa kwalin nan, don haka wanda bai yi sallah ba nake nema."

*

Maza a rufin jirgi suka yi jam'i bayan Malam Ɗalhatu. Mu mata a ƙasa muka yi, can gaba, kowa tata. Ba a ɗau lokaci ba matan suka kawo suna, har suna rige-rigen faɗa: Muhsinat, amaryar bara, ba a gan ta a wurin sallah ba. Dikko ya ce in je in ji ta bakinta, wannan ba tambayar namiji ba ce.

Na ja ta bayan tulin kujeru. Tun kafin in yi magana idonta ya ciko.

"Anti Sauda, wallahi ban ko leƙa ɗakin nan ba."

"To ina kika shiga?"

"Banɗaki."

"Tun daga kabbara har sallama?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. "Ba na sallah ne, Anti. Kin san su. Duk haɗuwa sai sun zuba ido su ga ko na yi ko ban yi ba, su lissafa min wata. In suka ga na zauna, kafin mu sauka an buga wa uwar mijina waya a Zariya an ce har yanzu shiru. Shi ne na shige na kunna famfo kamar mai alwala."

Na gaskata ta nan take, don na san matan nan kamar yunwar cikina. Masu digiri ne fa, wasu har biyu, amma ba su da aikin da ya wuce gadin mahaifar 'yar mutane.

"Ba ki ji motsin kowa ba?"

"Ban ji ba. Ruwan ma ɗaukewa ya yi ina ciki. Na dai ji maza a bayan jirgi suna cewa famfon can ma ya ƙafe, a jefa guga."

Da na kai wa Dikko wannan, bai kula da zancen farko ba sam. Na guga ne ya sa ya ɗago kai.

*

Ya sauka matakalar baya a hankali, yana dafa bango, yana taka gefe-gefe. Na bi shi. Katakon wurin baƙi ne, an shafe shi da mai yana sheƙi. Ya tsuguna da ƙyar saboda tumbin nan, ya karkatar da kai yana kallon ƙasa ta inda hasken rana ke shigowa.

"Zo ki gani."

Da farko ban ga komai ba. Sai da na tsuguna kusa da shi na ga wasu tabo fari-fari, kamar inda aka ɗiga koko ya bushe. Ya dangwala yatsa ya kai harshe, ya tofar.

"Gishiri. Ruwan famfo in ya bushe ba ya barin komai. Ruwan Khor kuwa na teku ne, sai ya bar shaida. Wanda ya yi alwala da guga ya sauko nan ƙafarsa a jiƙe." Ya bi tabon da yatsa, taki bayan taki, daga matakala har gindin bencin da jakar Gwaggo take. "Babu dunduniya ko ɗaya, yatsu ne kawai da tudun gaba. Sanɗa yake yi. Nan ya tsaya ya tsuguna, ga inda ya juya. Da zai fita ƙafar ta riga ta bushe."

"Na waye?"

Ya daɗe yana kallon taki ɗaya da ya fito sosai, sannan ya miƙe yana nishi ya hau sama.

A rufi maza suna zaune jugum-jugum, ƙafafu a waje. Dikko ya bi su ɗaya-ɗaya kamar mai taya awaki a kasuwa, ba sannu ba gafara. Wani injiniya ya janye ƙafarsa yana cewa wannan cin mutunci ne, Dikko ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, kaushinsa ba laifi ba ne a dokar ƙasar nan. Da ya gama ya ware mutum uku masu farin gishiri a idon sawu da bakin wando: Salmanu, da Alhaji Mu'awiya da kansa, da Zainu, wanda aka kirawo daga wajen Gwaggo.

Na ja hannun rigarsa. "Baban Umma, Zainu kuma na mene ne? Cire shi."

"Ba ni na sa shi ba," in ji shi.

*

A bayan jirgi ya yi musu tambayoyi, kusa da injin, inda ƙara ba ta barin magana ta je kunnen wani. Zainu ya fara kira. Ya zo cikin farar jallabiyarsa mai guga, agogo yana walƙiya. Ma'aikaci ne a ofishin wani kamfanin dakon kaya, kuma ba na ɓoyewa, alfahari nake da shi.

"Yaya Dikko bismillah, tambaye ni komai. Lauyan ya ce inshallah zai same mu a ofishin 'yan sanda."

"Da ruwan guga ka yi alwala?"

"Eh, famfo ya ƙafe. Ai ya halatta."

"Daga nan fa?"

"Na hau sama na tarar an tayar, na shiga sahun baya. Na bi su har sallama."

"Wa ke kusa da kai?"

"Wallahi ban kula ba, ni ne a ƙarshen sahu. Mutum yana sallah yana ƙirga mutane?"

"Ka ji ko?" na ce. "Bar shi ya koma wajen Gwaggo."

Dikko ya ɗaga masa hannu ya tafi.

Salmanu ya zo ya zube ƙasa tun ba a ce ya zauna ba. Kafin a tambaye shi ya ciro katin zamansa yana nunawa.

"Alhaji ga shi, biza ta tana da rai, wallahi kamfani ne ya yi min."

"Mayar da abinka. An ce an gan ka ka shiga ɗakin jakunkuna."

Ya yi tsuru-tsuru. "Na shiga, Alhaji. Shugaba ne ya ce in ɗauko tabarmi. Amma da silifas ɗina na shiga, kafin alwala."

"Na ga sawun silifas ɗin, dunduniyar hagu ta cinye. Bayan nan?"

"Na jawo guga na zuba wa Shugaba, na yi tawa, muka hau tare. Oga Zainu muka bari yana wanke hannu. Ni a baya na tsaya, Alhaji, ban san yadda aka yi na tsinci kaina a gaba ba. Da aka yi juyin nan ne..."

"Ya isa. Je ka."

Alhaji Mu'awiya ya iso yana huci, babbar riga tana jan ƙasa.

"Ni za ka tsayar kamar ɓarawon akuya? Ka san ko su waye suke kirana a waya a garin nan?"

"Ina ka tsaya a sallah, Shugaba?"

"Kai ma ai kana wurin! Sallar da Malam Ɗalhatu ya mayar wasan yara. Muna raka'a ta biyu jirgi ya sha kwana wajen tsuntsayen nan masu dogon wuya, alƙibla ta koma gaban jirgi, wai dole sai mun juya mun bi ta. Shi ya matsa gaba, sahu ya rikice, na gaba ya koma gefe, na gefe ya koma gaba. Wancan ƙazamin leburan ya faɗo kusa da ni ya take min riga, duba nan, shadda ce fa ta gaske! Har aka sallame kafaɗarsa tana gugar tawa, yana warin kwali."

"Wato tun daga guga har sallama Salmanu yana tare da kai."

"Ina zan kai shi?"

"Madalla. Ashe kai ne shaidarsa, shi ne naka. Ɗazu kuma kake shirin miƙa shi."

Alhaji Mu'awiya ya tattare babbar rigarsa ya juya. Da a wata rana ce da na yi dariya har da hawaye. Amma lissafin da yaro ma zai iya ya riga ya shigo kaina: uku ne, biyu sun fita.

Da ya tafi na ce, "Zainu bai ce ba a juya ba."

"Bai ce ba. Shi ya sa zan tambaye shi a gaban mutane."

"Zalunci ne wannan. Don ba ka son sa ne, tun ranar da ya ce ofishinka yana warin daddawa."

Dikko ya dube ni, kuma a karon farko a ranar babu raini a fuskarsa.

"Sauda, tun kallon farko na gane ƙafar. Yatsansa na biyu ya ɗara babban, na hagu kuma yana buɗewa waje. Shekara nawa yana tuɓe takalmi a ƙofar ɗakina? Duk wannan tambaye-tambayen saboda ke nake yi. Na san in na faɗa miki da baki ba za ki yarda ba."

*

Ya tara kowa a rufi, maza da mata. Aka hau da Gwaggo a hankali aka zaunar da ita. Mun riga mun fito daga sabuwar hanya mun koma tsohon Khor, mun wuce inda ake ƙera jiragen katako a Jaddaf, muka bi ta ƙarƙashin gadar Garhoud motoci suna gudu a kanmu. Rana ta yi ja. Can gaba ana hango gadar mai iyo da buɗaɗɗiyar ƙofarta, da wani farin kwalekwale mai fitila shuɗiya yana jira a bakinta.

Dikko ya yi bayanin gishirin a taƙaice, kamar mai jin haushin ɓata yawunsa. Ya ce Shugaba da Salmanu sun wanke juna. Sannan ya juya.

"Zainul Abideen, taimaka mana. Je ka tsaya daidai inda ka yi sallama, ka kalli ɓangaren jirgin da kuka kalla."

Zainu ya yi murmushi, ya tashi ba gardama. Ya taka zuwa ƙarshen tabarmi, ya juya ya fuskanci ƙarfen gefen dama, inda aka rataye tayar ceto. Har da saita ƙafafu.

Mazan suka shiga kallon juna. Malam Ɗalhatu ne ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Zainul Abideen, nan muka kalla da aka tayar. Ai tun raka'a ta biyu muka juya gaban jirgi."

"Eh, haka ne, mantawa na yi. Hankalina ne a tashe, Malam."

"Ba komai, ana mantuwa," in ji Dikko. "Yalla, mu sauka ƙasa ka ɗora ƙafarka a kan sawun. In bai zauna ba, ni zan durƙusa in ba ka haƙuri a gaban kowa."

Zainu bai motsa ba. Ya dubi matakalar, ya dubi kwalekwalen 'yan sanda da ke ƙara girma, sannan ya dube ni. Ni ya zaɓa ya yi wa bayani.

"Yaya, ba a bincikar tsofaffi. Sau nawa tana wucewa ba wanda ya taɓa buɗe jakarta? Wani ne zai je gida ya karɓa, shi ke nan. Wallahi ba abin da zai same ta. Da mutanen nan ba su karkatar da jirgi ba..."

Wato laifin masu hoto ne. Na tsaya ina kallon jallabiyar nan mai guga, da hannun da ɗazu yake yi wa Gwaggo fifita. Na raina mutane da yawa a rayuwata, a ranar nan kaɗai na raina rabin jirgi, amma ban san raini yana iya sa mutum tashin zuciya ba sai a kan ɗan'uwana.

Jama'a kuwa sai baki ya buɗe. Waɗanda suka so miƙa Salmanu su ne a gaba wajen "dama ni na ga take-takensa." Ba wanda ya ce wa Salmanu yi haƙuri. Ya koma gefe ya fara naɗe tabarmi.

Gwaggo ta waiwayo gare ni. Ta miƙa hannu na ba ta carbinta, ta gyara hijabi.

*

A bakin ƙofar gadar matuƙi ya rage wuta. Kwalekwalen ya matso, aka jefa igiya, 'yan sanda biyu suka hau da wata 'yar sanda mace. Suka yi sallama cikin ladabi. Matuƙi ya miƙa kwalin, babbansu ya buɗe ya rufe, ya tambaya na waye.

Gwaggo ta dafa kujera ta miƙe da gwiwar nan tata.

"Hada mal ana," in ji ta da Larabcin kasuwarta. Ta sake faɗa da Hausa don mu ji. "Nawa ne. Ni na saya, ni na sa."

"Gwaggo!"

"Rufe min baki, Sauda. Ni na gama rayuwata, shi ko aure bai yi ba." Ta juya ga jama'a. "Duk wanda ya tanka ban yafe ba."

Ba sai ta ja musu kunne ba. Alhaji Mu'awiya ya riga ya ga hanyar da ta fi sauƙi: tsohuwa baƙuwa mai bizar ziyara, ba 'yar ƙungiya ba. Ya shiga duba agogo. Sauran suka sunkuyar da kai, Malam Ɗalhatu yana ta motsa leɓe.

Na dubi Zainu. Na ba shi lokaci, Allah ya sani na ba shi. 'Yar sandan ta kama hannun Gwaggo a hankali tana taimaka mata zuwa matakala, Gwaggo tana jan ƙafa, takalminta ɗaya ya zame. Shi kuwa yana tsaye inda yake, ya ƙura wa ruwa ido, har na ga kafaɗunsa sun sauka kamar wanda aka sauke wa kaya.

Dikko ya matso kusa da kunnena.

"Sawun yana nan ƙasa, ba wanda ya taka. Amma ni suruki ne, ta kuma yi rantsuwa. In kin ce in yi magana zan yi. In kin yi shiru, ke za ki kwana da shi."

Ban ce ya yi ba. Ni na yi. Na sha gaban babban ɗan sandan, na gaya masa da Turanci cewa tsohuwar nan ƙarya take yi don ta ceci ɗan da ta raina, na ce akwai shaida a ɗakin ƙasa mijina zai nuna musu. Ya ce wane ne ɗan. Na ɗaga hannu na nuna shi, na faɗi cikakken sunansa da sunan babanmu.

Gwaggo ta juyo daga bakin matakala ta dube ni. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga.

Sun tafi da su biyun. Sawun ya zauna, an kuma sami yatsunsa a cikin kwalin, daga baya ya amsa da bakinsa. Gwaggo ta kwana biyu a hannunsu suka sake ta, ta koma Kano ba ta bari na raka ta filin jirgi ba. A ƙungiya yanzu sunana wadda ta miƙa ƙaninta, kuma masu faɗar haka su ne suka sunkuyar da kai a rufin jirgin, don haka ko a jikina.

Gwaggo tana nan da ranta, tana yawo da ƙafafunta, abin da na nema ke nan kuma na samu. Har yanzu tana zuwa Dubai. Ta daina karɓar saƙon kowa, sari ma sama-sama take yi, ziyarar gidan yari ce ke kawo ta. A wani ƙaramin otal take sauka a Al Sabkha, layi biyu tsakaninsa da gidana. Duk zuwa sai na tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka yadda take so, ba yaji sosai, in aika mata. Kular tana dawowa a rufe yadda ta tafi, da ɗuminta.